Haƙuri da Sababinsa: Martani ga Mai Hana Bazawara Neman Shawara

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutan garin nan namu na Gombe ya fitar kwanakin baya, wadda a cikinta ya yi tir da abin da ya kira sabuwar bidi'ar 'yan boko, wato zuwan matar da aurenta ya mutu, ko saurayin da aka hana wadda ya daɗe yana nema, wurin masu ilmin halayyar ɗan Adam domin a zauna da su a saurari damuwarsu. Kuma da yake malamin mutum ne mai kishin addini, wanda ban taɓa shakkar kyawun niyyarsa ba, sai na ga ya wajaba a ba shi amsa da hujja, cikin ladabin da ya dace da irinsa. Jimlar maganarsa ita ce, wanda ya yi imani da ƙaddara ba ya bukatar wani bare ya koya masa ɗaukar jarrabawa, domin haƙuri da addu'a sun ishe shi. Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, saboda haka kai asirin aure gaban wanda ba dangi ba tonon silili ne. Sa'an nan ya rufe da cewa iyayenmu da kakanninmu sun yi aure sun rabu tun ba a san asibiti ba, amma ba a taɓa jin wadda ta zauce ba.

Babu saɓani tsakanina da Malam a kan falalar haƙuri, ko a kan cewa rabuwar ma'aurata tana cikin abin da Alƙalami ya riga ya rubuta. Inda muka rabu shi ne, ya ɗauki haƙuri tamkar wani abu da ake umartar mutum da shi da safe ya same shi kafin azahar, alhali kuwa malaman da suka yi bayanin haƙiƙaninsa sun ce tsare harshe ne daga ƙorafi a kan hukuncin Ubangiji, da tsare gaɓoɓi daga ayyukan jahiliyya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya sharɗanta cewa sai zuciya ta daina jin zafi. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka siffanta da kyakkyawan haƙuri, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, wannan kuwa bai rage masa daraja ba. Malaman sira sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki, ba su ji nauyin jingina wannan suna ga rayuwar Fiyayyen Halitta ba. Abin da ya fi kusa da mas'alarmu kuwa shi ne labarin Barira da Mugisu, wanda ya zo a Sahihul Bukhari: an 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta, shi kuma ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba, bai kuma tuhumi imaninsa ba. Ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin wannan so, sa'an nan ya tafi da kansa ya nema masa alfarma wurin Barira, da ta fahimci cewa ceto ne yake yi, bai umarce ta ba, ta ce ba ta bukata, aka bar ta da zaɓinta. Duk wanda ya yi tadabburin wannan ƙissa zai ga an girmama zafin namiji, an girmama 'yancin mace, kuma an ɗauki ciwon rabuwa a matsayin abin da ya isa shugaban al'umma ya tashi ya yi tattaki saboda shi.

Dangane da batun asiri, wanda shi ne mafi ƙarfin hujjojin Malam, lalle shari'a ta yi gargaɗi mai tsanani a kan yaɗa abin da ke gudana tsakanin miji da mata a shimfiɗarsu, kuma ni ma ina ƙin wannan ɗabi'a da ta yaɗu ta baje kolin rikicin aure a Facebook da TikTok domin mutane su yi ta sharhi. Sai dai fuƙaha'u sun bambanta tsakanin yaɗa magana da kai ta wurin wanda zai yi maganinta. Imamu Nawawi, a cikin Riyadus Salihina da almajirai ke karantawa a zaurukan Bolari da Jekadafari, ya ƙididdige wurare shida da ambaton aibin wani ba ya zama giba, daga cikinsu har da kai ƙara da neman fatawa, ya kafa hujja da Hindu 'yar Utba da ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan gaban Annabi. Haka nan Khaulatu 'yar Sa'alaba ta je ta yi jayayya a kan abin da mijinta ya yi mata, ta faɗi tsufanta da halin 'ya'yanta, har aka saukar da ayoyin farko na surar da ake kira da sunan jayayyar tata. To, idan ya halatta mace ta buɗe cikinta ga mufti domin ta san hukunci, kuma ya halatta ta buɗe jikinta ga likita domin lalura, da wane ƙiyasi za a haramta mata buɗe damuwarta ga amintacce wanda ya karanci hanyoyin sauƙaƙa ta, wanda kuma ƙa'idar aikinsa ta ɗaure shi da rufe abin da ya ji?

Amma abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne da'awar cewa wannan fanni kayan Turawa ne. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malami na ƙasar Khurasan, Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya raba shi kashi biyu, na farko a kan lafiyar jiki, na biyu a kan lafiyar rai. A kashi na biyun ya yi magana a kan fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi, ya kuma zargi likitocin zamaninsa da cewa sun shagala da jiki sun manta da rai, alhali ɗan Adam yana iya yin shekaru bai kwanta ciwo ba, amma da wuya ya wuni bai gamu da abin da zai sosa ransa ba. Ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rasa masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba tare da wani dalili na zahiri ba, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki, yana bukatar magani irin na jiki, na farkon kuwa ana warkar da shi ta hanyoyi biyu: tunani nagari da mutum zai tanada a ransa tun yana lafiya, da kuma nasihar wani daga waje. Dalilin da ya bayar na bukatar wannan na wajen shi ne ainihin amsar da nake ba Malam, domin ya lura cewa mutum yakan karɓi magana daga wani fiye da yadda yake karɓarta daga kansa, kuma wanda baƙin ciki ya rufe, hankalinsa a shagale yake da abin da ya same shi, ba ya iya hango mafita sai an nuna masa. Marigayi Farfesa Malik Badri na ƙasar Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ya fassara wannan kashi zuwa Turanci a 2013, ya nuna cewa hanyar gyaran tunani da likitocin Turai da Amurka suka shahara da ita a ƙarni na ashirin, Balkhi ya riga su bayyana ginshiƙanta. Shi kansa al-Kindi yana da risala a kan dabarar kore baƙin ciki, Ibnu Sina ya sanya ciwon so cikin cututtukan da ya yi bayani a Ƙanun, Ibnul Ƙayyim kuma ya ware fasali a Zadul Ma'ad a kan maganinsa. Waɗannan duka sun san ƙaddara, sun san addu'a, ba su kuma ga cin karo tsakaninsu da neman sababi ba. Wanda ya karye a ƙafa ana kai shi wurin maɗori ana yi masa addu'a a hanya, ba a taɓa cewa tawakkalin danginsa ya raunana ba.

Yanzu bari mu dawo gida, mu dubi halin da matar da aka saka take shiga a wannan gari, domin a nan ne maganar Malam ta fi nisa da abin da ido ke gani. Shari'a ta ce ta yi iddarta a ɗakinta, ciyarwarta tana kan mijin, ko Allah zai sa a huce a yi kome. Amma al'adar da muka wayi gari a cikinta ita ce, takardar tana shiga hannunta, ko da tsakar dare ne, za ta ɗauki mayafi ta kama hanyar gidan ubanta. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ba uwa haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, amma sau da yawa da an yaye yaro ake aiko a ɗauke shi. Risalar Ibnu Abi Zaid ta kwaɗaitar da mai saki ya yi wa matar kyautar sallama domin sanyaya mata rai, ban sani ba ko mutum nawa ne a cikin ɗari suke tunawa da wannan. Ta isa gida ta tarar ɗakin da ta tashi a ciki an ba matar ƙanenta, ta koma rakuɓe a ɗakin tsohuwa tare da kayan ɗakinta da aka jibge a zaure. A rana ɗaya ta rasa miji, da muhalli, da 'ya'ya, da abin hannu, da matsayin da take da shi a idon jama'a. Masu zuwa jaje kuwa maganarsu ba ta wuce "sai haƙuri," "haka Allah Ya so," "kowa da irin tasa jarrabawar," waɗanda duk gaskiya ne, sai dai gaskiya ce da ake faɗa a tsaye, a bakin ƙofa, wadda daga jin ta mai ciwon ta san ba a son ta ƙara komai. In ta yi kuka a ce ba ta da tawakkali, in ta yi shiru a ce ta dangana, kafin idda ta cika kuma an fara tambayar ko wani ya fito. Ina roƙon Malam ya gaya mini, a cikin wannan jerin duka, a wane wuri ne aka zauna aka ce mata, "'Yar'uwa, faɗa mini abin da ke hana ki barci"?

Ya ce iyayenmu ba su zauce ba. Da yawansu ba su zauce ba kam, domin suna da abin da 'ya'yansu suka rasa. Babban gida na da cike yake da masu saurare: ga kaka, ga gwaggo wadda ita ma ta taɓa fita ta dawo, ga ƙawa ta amana da aka ƙulla tun ƙuruciya, ga uwar ɗaki, a ƙasar Sakkwato ma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis, dattawan mata masu ilmi da ke zagaya ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata, suna kuma ɗauko matsalolinsu su kawo mata. Gomben da aka dawo da fadar masarautar Bubayero cikinta a 1919, wadda ta girma da cinikin auduga da zuwan jirgin ƙasa, ba ita ce Gomben yau ba. Tun da ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, balle kuma bayan da rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe suka sauka a nan, gari ya faɗaɗa har ya haɗe da Tumfure, ya cika da gidajen haya inda yarinya ke zaune ita kaɗai, uwarta tana Dukku ko Biu, maƙwabciyarta kuma ba ta san ko sunanta ba. Waɗanda kuma suka zauce a zamanin da, ba a rasa su ba. Wani suna aka ba abin, aka ce iska ce, ko sammun kishiya, ko kuwa aka ce ciwon zuciya ya kashe ta, aka binne ba a bincika ba.

Namiji ma bai tsira ba, bal nasa ya fi ɓoyuwa. Saurayin da ya shekara uku yana hidima, aka sa rana, aka kai lefe, sa'an nan aka dawo masa da kayansa domin wani mai hali ya fito, idan ya je majalisa dariya za a yi masa, a ce mata sun ƙare ne, domin an raine shi a kan cewa namiji ba ya kuka. Ba zan ce kowane mai shaye-shaye rabuwa ce ta jefa shi ba, wannan zai zama ƙari a kan gaskiya. Amma binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, aka fitar da shi a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma jiharmu ta Gombe ce kan gaba a Arewa maso Gabas da kimanin kashi 21 cikin ɗari. Kowa a garin nan ya san gidan da wata bazawara ta fara da maganin tari domin ta sami barci, tun kafin gwamnati ta hana kodin a watan Mayu na 2018. Wanda ba a ba shi wurin faɗin damuwarsa ba yakan nemi abin da zai kashe masa ita, idan abin ya ƙazanta kuma a ɗaure shi a kai gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 suka fito da mutum fiye da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Wataƙila Malam yana zaton mai ba da shawara yana zaunar da mace ne ya zuga ta a kan mijinta da iyayenta. Aikin, idan an yi shi bisa ƙa'ida, ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka tsabta. Ana zama ne na ɗan lokaci, sau ɗaya a mako, na 'yan makonni ƙididdigaggu. A bar ta ta faɗi abin da ya faru ba tare da an katse ta ko an yanke mata hukunci ba. A taimake ta ta rarrabe abin da ya auku da abin da Shaiɗan da kaɗaici ke raya mata, irin su "ni ba ni da amfani," ko "babu mai sona har abada". A tsara mata yadda za ta koma cin abinci, da barci, da Islamiyya, da 'yar sana'arta. A duba matsalolin da ke gabanta ɗaya bayan ɗaya, na ganin 'ya'ya da na abin kashewa. Mafi muhimmanci kuma, wanda ya koyi aikin ya san alamomin da ke nuna cewa baƙin ciki ya rikiɗe ya zama ciwon damuwa: idan mutum ya haura mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa banza, balle in ya fara ambaton gara ya mutu ya huta. A wannan gaɓa sai likita, domin rai ake magana, kuma kiyaye rai yana cikin manufofi biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo ta tsare. Gwaggo, duk ƙaunarta, ba ta san wannan iyaka ba, kuma ba laifinta ba ne.

Akwai gaskiya guda a cikin tsoron Malam wadda ba zan ɓoye ba. Wasu daga cikin nazariyyoyin wannan fanni an gina su a kan aƙidar da ba ta san Allah ba, kuma Malik Badri ɗin nan da na ambata ya yi wa Musulmi masana fannin gargaɗi, a littafinsa na 1979, cewa kada su bi Turawa ido rufe. Haka nan intanet ta cika da masu kiran kansu ƙwararru a kan aure, waɗanda ba su karanci fiƙihu ba, ba su kuma karanci likitanci ba, suna karɓar kuɗin mata suna watsa asirinsu. Maganin wannan shi ne a tace, a san wa za a je wurinsa, mace ta sami mace 'yar'uwarta inda hali ya yi, a kuma ƙi duk shawarar da ta saɓa wa nassi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙoƙin marar lafiya, har da rufa masa asiri, saura a ga aikinta a ƙasa.

Matsalar da ta fi ta aƙida girma a wurinmu ita ce ƙarancin ma'aikata, domin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha bayyana cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma talakar Herwagana ko Pantami ba ta da kuɗin zama da ƙwararre mai zaman kansa. Amma Afirka ta riga ta nuna hanya. Tun a 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta tare da danginsu, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, ya zaunar da su a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa zama shida, kuma sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi, nesa ba kusa ba, a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu kuwa muna da malamai mata a kowace Islamiyya, muna da ungozomomi, muna da ma'aikatan lafiya a matakin farko, muna da Jami'ar Jihar Gombe tun 2004 da Asibitin Koyarwa na Tarayya da za su iya horar da su. Kano ta aurar da zawarawa a taron gayya tun daga 2012, a watan Oktoba na 2023 ma ta ɗaura aure 1,800 a lokaci guda, wannan aikin alheri ne. Sai dai wadda aka kai sabon ɗaki da tsohon ciwo a ƙirjinta, ana jin tsoron kada ta sake fitowa, shi ya sa nake ganin kowace kotun shari'a da ke raba aure a garin nan ta cancanci a ajiye mata dattijuwa horarriya a wani ɗaki na gefe, wadda mace za ta biya wurinta kafin ta fita titi da takarda a hannu.

Malam yana da majalisi, mutane suna jin maganarsa fiye da yadda za su ji tawa, kuma na tabbata ana kawo masa irin waɗannan mata da samari domin ya yi musu addu'a. Abin da nake roƙonsa shi ne ya ci gaba da addu'ar, ya ƙara musu da ayoyin haƙuri kamar yadda ya saba, amma ya tambayi wanda ya rako su tun yaushe rabonsu da barci da abinci, kuma ko sun taɓa ambaton mutuwa. In amsar ta haura mako biyu, ko aka ce sun ambata, to ya sa wan yarinyar ko ƙanenta ya kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa da ke kan hanyar Ashaka a ranar, ya kuma gaya wa mahaifinta da bakinsa cewa yin haka bai saɓa wa tawakkali ba, domin daga bakin malami ne kaɗai uban zai yarda.